Tsakiyar Tafiya: Nahawu da Kalmomin Welshanci Bayan Matakin Farko

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da baligi mai koyon harshen Welsh yake shiga bayan ya wuce darussan farko. Ta nuna cewa a wannan mataki ne harshen yake samun sabon mai magana ko ya rasa shi. An yi nazarin sauyin baƙin farkon kalma, da ginin jimla, da yadda ake faɗaɗa kalmomi, da tazarar da ke tsakanin karin Arewa da na Kudu, da wadda ke tsakanin harshen baka da na littafi. Matsayar maƙalar ita ce, nahawu ba ya tsallakuwa a wannan mataki, amma ba ya zama a bakin ɗalibi sai an yi atisayensa cikin cikakkiyar jimla, kuma sai masu harshen sun ba ɗalibin filin yin magana.

Gabatarwa

Harshen Welsh, wanda masu shi ke kira Cymraeg, ɗaya ne daga harsunan Keltik. Danginsa na kusa su ne harshen Cornwall a kudu maso yammacin Ingila da harshen Brittany a Faransa. A farkon ƙarni na 20 kusan rabin mutanen Wales suna jin sa. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 ne 'yan shekara uku zuwa sama suke iya magana da shi, wato kashi 17.8 cikin ɗari, ƙasa da mutum 562,000 da aka samu a 2011.

A shekarar 2017 gwamnatin Wales ta ƙaddamar da shirin Cymraeg 2050. Abin da aka fi ambata a cikinsa shi ne burin samun masu magana miliyan ɗaya kafin 2050. Akwai buri na biyu da ba a cika tunawa da shi ba, alhali shi ne ya fi nauyi: a ninka yawan masu amfani da harshen kullum daga kashi 10 zuwa kashi 20 cikin ɗari. Buri na farko ƙidaya ce ke auna shi, kuma ƙidaya ba ta tambayar zurfin iyawa. Na biyun kuwa ba zai cika da waɗanda suka iya gaisuwa da lissafa ranakun mako kawai ba. Yana bukatar mutumin da zai yi gardama da maƙwabcinsa, ya yi ta'aziyya, ya bayyana wa likita ciwonsa, ya rubuta wasiƙar neman aiki, duk da Welshanci.

Tsakanin mai gaisuwa da wannan mutumin akwai doguwar tafiya, kuma a tsakiyarta ake yawan zubewa. Wannan tsakiyar ita ce abin da maƙalar ta sa a gaba.

Yadda aka kai ga wannan hali

Dokokin 1536 da 1543 da suka haɗe Wales da Ingila sun mayar da Turanci harshen shari'a da mulki. Abin da ya riƙe Welshanci a rubuce shi ne fassarar Baibul da William Morgan ya kammala a 1588, wadda ta zama tubalin daidaitaccen harshen littafi. A 1847 rahoton gwamnati kan ilimi, wanda aka fi sani da Shuɗɗan Littattafai, ya ɗora wa harshen laifin ci bayan mutanen ƙasar. A wasu makarantu na ƙarni na 19 akan rataya wa yaro wani katako a wuya idan an ji shi yana Welshanci. Sannu a hankali iyaye da yawa suka daina miƙa harshen ga 'ya'yansu.

Farfaɗowar ta fara ƙarfi ne bayan laccar rediyo da marubuci Saunders Lewis ya gabatar a watan Fabrairun 1962 kan makomar harshen, wadda ta haifar da ƙungiyar fafutukar kare harshen, Cymdeithas yr Iaith Gymraeg, a wannan shekarar. Dokokin harshe suka biyo baya a 1967 da 1993, sannan dokar 2011 ta ba shi matsayin harshen hukuma a Wales. Gidan rediyon Radio Cymru ya buɗe a 1977, tashar talabijin ta S4C kuma a 1982.

Koyar da manya ya tashi tare da wannan gwagwarmaya. A shekarun 1970 aka aro tsarin ulpan na koyar da Ibrananci a Isra'ila, aka kira shi Wlpan. Tsohon ƙauyen masu fasa dutse na Nant Gwrtheyrn da ke gaɓar teku a yankin Llŷn, wanda ya zama kufai, aka mayar da shi cibiyar koyon harshe bisa jagorancin likita Carl Clowes. Tun 2016 Cibiyar Ƙasa ta Koyon Welshanci ce ke riƙe da ragamar wannan fanni, kuma ta tsara matakai biyar: Mynediad, Sylfaen, Canolradd, Uwch da Gloywi, wato shiga, tushe, tsakiya, sama da gogewa. Ga kuma darussan intanet irin su SaySomethinginWelsh, da kwas ɗin Duolingo da ya fito a 2016.

Ƙofar shiga ta yalwata ƙwarai. Sai dai gogewar makarantun yara ta riga ta nuna cewa shiga daban, isa daban. Tun 1999 wajibi ne kowane ɗalibi a makarantun gwamnati ya koyi harshen har ya kai shekara 16, amma rahoton da Farfesa Sioned Davies ta jagoranta a 2013 ya bayyana cewa kaɗan ne daga masu koyon sa a matsayin harshe na biyu suke fita suna iya amfani da shi a wajen aji.

Sauyin baƙin farko

Abin da ya fi tsorata ɗalibi shi ne treigladau, wato yadda baƙin farkon kalma yake sauyawa gwargwadon abin da ya gabace shi ko aikin da kalmar take yi a jimla. Iri uku ne. Sauyin tausasawa yana shafar baƙaƙe tara: p ya koma b, t ya koma d, c ya koma g, b da m su koma f, d ya koma dd, ll ya koma l, rh ya koma r, shi kuwa g ya ɓace ɗungurungum. Sauyin hanci yana shafar shida, sauyin huci kuma uku.

A ɗauki kalmar tad, uba. Ubana shi ne fy nhad, ubansa ei dad, ubanta ei thad. Kalmar ei ɗaya ce ga namiji da mace, saboda haka sauyin da ya biyo bayanta ne kaɗai ke nuna ko uban wane ne ko uban wance. Haka sunan babban birnin ƙasar, Caerdydd, wanda Turawa ke kira Cardiff: zuwa can i Gaerdydd ne, zama a can kuma yng Nghaerdydd.

A matakin farko ɗalibi yana haddace irin waɗannan a dunƙule ba tare da ya san dalili ba, kuma hakan daidai ne. Matsalar tana tasowa idan ya fara gina nasa jimlolin. Ƙaramar kalmar yn kaɗai ta isa misali. A mae hi'n canu, tana waƙa, ba ta sauya komai. A mae hi'n dda, tana da kirki, ta tausasa da ya koma dda. A ym Mangor, a garin Bangor, ta jawo sauyin hanci har ita kanta ta sauya kama. Kalma ɗaya a ido, ayyuka uku a jimla. Wanda bai rarrabe su ba zai yi ta canki-canki har abada.

Akwai masu cewa a sassauta wa ɗalibi, tunda su kansu 'yan asalin harshen ba kullum suke kiyaye sauyin hanci da na huci a hirar yau da kullum ba, kuma tsoron kuskure ya rufe bakin mutane da yawa. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma malamin da ke katse ɗalibi a tsakiyar jimla don gyara baƙi ɗaya ɓarna yake yi. Amma ba dukkan sauye-sauyen ne suke da nauyi ɗaya ba. Wasu ado ne, wasu kuwa ma'ana suke ɗauke da ita. A rubutaccen harshe gwelodd ci na nufin kare ya gani, gwelodd gi kuma ya ga kare. Baƙi guda ne ya raba aikau da karɓau. Bugu da ƙari, ko da ɗalibi ya zaɓi kada ya furta sauyin, dole ya gane shi idan ya ji ko ya karanta. Wanda ya ci karo da yr ardd ya buɗe ƙamus yana neman ardd ba zai samu ba, domin asalin kalmar gardd ce, lambu. Wanda ya ga fach da fawr dole ya san ta farko daga bach take, ta biyun daga mawr.

Saboda haka abin tambaya shi ne yadda za a yi atisayen. Jadawalin baƙaƙe da ake mannawa a bangon aji yana da amfani wajen dubawa, amma mai magana ba shi da lokacin duba jadawali a cikin kansa. Atisayen da ke aiki shi ne wanda ake juya jimla guda ta fuskoki da yawa da baki. Malama ta ce mae cath gyda fi, ina da kyanwa. Ɗalibi ya mayar da ita tasa: fy nghath i. Ta nuna wani namiji a ajin, ya ce ei gath e. Ta nuna mace, ya ce ei chath hi. Ta ɗaga yatsu biyu, ya ce dwy gath. Ta kwatanta ƙanƙanta da hannu, ya ce cath fach. Sai a canja kyanwa da kare, ci, wanda namiji ne, ɗalibi ya ji da kunnensa yadda y ci da ci bach suka ƙi sauyawa a inda y gath da cath fach suka sauya. A minti biyar ya taɓa jinsi da mallaka da lissafi da sifa, kuma harshensa ne ya yi aikin. Daga nan ya fahimci dalilin da ya sa ba a koyon suna shi kaɗai: a koye shi tare da sifa, domin sifar ce za ta riƙa tuna masa jinsinsa.

Ginin jimla

Jimlar Welshanci da aikatau take farawa, sannan aikau, sannan karɓau. Darussan farko suna sauƙaƙa wannan ta hanyar dogara da aikatau ɗaya, bod, tare da suna ɗan aikatau: dw i'n mynd, ina tafiya. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka Hausa take gina lokaci mai ci. Haka ma mallaka: mae car gyda fi a zahiri mota tana tare da ni, kamar yadda muke cewa ina da mota. Da wannan tsari ɗalibi zai iya faɗin abubuwa da yawa, har ya ɗauka ya iso. Matakin tsakiya yana buɗe masa ƙofofi huɗu da ba su buɗuwa da wannan mabuɗi.

Ta farko ita ce amsa tambaya. Welshanci ba shi da kalma guda ta i ko a'a da ta dace da ko'ina. Sau da yawa amsa tana maimaita aikatau ɗin tambayar ne. In an ce wyt ti'n dod, za ka zo, amsar ydw ce. In an ce oes amser, akwai lokaci, amsar oes ce. In an tambayi abin da ya shuɗe, do ko naddo. In an gabatar da wata kalma don jaddadawa, ie ko nage. Wannan yana tilasta wa ɗalibi ya saurari farkon tambaya da kyau, kuma babu littafin da zai koya masa saurin da hira take bukata.

Ta biyu ita ce ƙananan kalmomi irin su a kan, ga, da daga, waɗanda a Welshanci suke sauya siffa bisa wakilin sunan da ya biyo su. Ar na nufin a kan, amma a kaina arna i, a kansa arno fe, a kanta arni hi. Ba abin ado ba ne, domin da su ake faɗin ciwo da tsoro da bashi: mae annwyd arna i, mura tana kaina. Kuma kowane aikatau da abokiyar tafiyarsa: ana gwrando ar, dweud wrth, gofyn i, chwilio am, wato saurare, faɗa wa, tambaya, nema. Wanda ya haddace aikatau ba tare da abokiyarsa ba zai cike gurbin da tsarin Turanci, kuma nan take mai saurare zai ji Turancin a ƙarƙashin maganar.

Ta uku ita ce jimla mai sarƙa. Don a ce ina jin tana da gaskiya, sai aikatau bod ya karɓi wakilin suna na mallaka: dw i'n meddwl ei bod hi'n iawn. In namiji ne, ei fod e'n iawn. A nan sauyin baƙi da wakilin suna da ginin jimla suka haɗu wuri guda, kuma duk mai son bayyana ra'ayi dole ya bi ta nan. Wanda bai mallaki wannan gini ba zai iya ba da labarin abin da ya ci jiya, amma ba zai iya cewa yana shakka, ko yana fata, ko ya ji an ce ba.

Ta huɗu ita ce jaddadawa. Turanci yana ɗaga murya a kan kalma, Welshanci kuwa yana ciro ta ya kai ta gaba, aikatau kuma ya sauya siffa: mae Siân yn canu ya koma Siân sy'n canu. Mai jin Hausa ya san wannan sarai, tunda Binta tana waƙa takan koma Binta ce take waƙa. Ga ɗalibin da Turanci kaɗai ya sani, wannan sabon tunani ne gaba ɗaya.

Abin lura a dukkan huɗun shi ne, babu wadda take zuwa da yawan kalmomi. Mutum zai iya sanin kalma dubu uku bai iya ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan ne ya sa manhajojin waya, duk da alherin da suka yi wajen jawo dubban mutane, ba su isa su kai ɗalibi gaci su kaɗai ba.

Faɗaɗa kalmomi

A matakin farko kalmomin kowa iri ɗaya ne: iyali, abinci, yanayi, aiki. Daga tsakiya hanya takan rabu. Ma'aikaciyar jinya da manomi da mai kula da yara ba kalmomi ɗaya suke bukata ba, kuma jerin kalmomi na gama-gari yana raguwa a amfani. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya zaɓi fanni ɗaya na rayuwarsa ya mayar da shi Welshanci baki ɗaya, ko girki ne, ko ƙwallon zari-ruga, ko aikin ofis, har ya iya shi ciki da bai, sannan ya ƙara wani.

Kowace sabuwar kalma tana zuwa da kayanta. Jam'i ba shi da ƙa'ida guda: akwai ɗafa-ƙeya irin su -au, -ion, -od, -oedd, -ydd, akwai sauyin wasali a cikin kalma, akwai kuma sunayen da jam'insu ne asali, tilo ake ginawa daga gare shi, kamar plant, yara, da plentyn, yaro, ko coed, itatuwa, da coeden, itace guda. Ƙidaya ma iri biyu ce. Akwai ta goma-goma da ake koyarwa a makaranta, inda 18 take un deg wyth. Akwai tsohuwar ta ashirin-ashirin, inda 18 take deunaw, tara biyu, 16 kuma un ar bymtheg, ɗaya a kan sha biyar. Ɗalibin matakin farko yana iya wadatuwa da sabuwar, amma agogo da kwanan wata da tsohuwar suke tafiya, kuma ba a shirya ganawa sai da su.

Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Geiriadur Prifysgol Cymru, babban ƙamus na tarihin harshen, an fara aikinsa a 1921, aka kammala bugun farko a 2002, kuma yanzu kyauta ne a intanet. Geiriadur yr Academi na 1995 shi ne madogara daga Turanci zuwa Welshanci. Littafin nahawu na Gareth King, wanda ya fara fitowa a 1993, ya ba harshen baka muhimmanci. Canolfan Bedwyr ta Jami'ar Bangor ta samar da Cysill mai duba rubutu, wanda har kuskuren sauyin baƙi yake kamawa. Rumbun CorCenCC da aka buɗe a 2020 ya tara kalmomi sama da miliyan 11 na magana da rubutu, inda ɗalibi zai ga yadda ake amfani da kalma a zahiri. Ko buɗe ƙamus ma sai an koya, domin ch, dd, ff, ng, ll, ph, rh da th kowannensu harafi guda ne, kuma ng bayan g yake zuwa.

Sai dai ƙamus ba ya dasa kalma a zuciya. Karatu mai yawa ne yake yin wannan, muddin abin karantawar bai fi ƙarfin mai karatu ba. Nan jerin littattafan Amdani da aka fara bugawa a 2018 bisa matakan kwas, da mujallar Lingo Newydd, suka cike babban giɓi. Daga nan sai papurau bro, jaridun unguwa da 'yan sa kai ke bugawa tun 1973, waɗanda ke ɗauke da labarin aure da rasuwa da gasar makaranta cikin harshen da mutanen wurin suke yi.

Arewa da Kudu, baki da littafi

Ɗalibin da ya koyi llaeth a Kudu zai je Arewa ya ji madara ta zama llefrith. Yanzu nawr ce a Kudu, rŵan a Arewa. Kaka mace mam-gu ce a Kudu, nain a Arewa. Ina da mota mae car gyda fi ne a Kudu, mae gen i gar a Arewa. A shekarun 1960 an yi ƙoƙarin share wannan bambanci da wani daidaitaccen harshen baka na koyarwa mai suna Cymraeg Byw. An soke shi da cewa ya samar da ɗaliban da ke magana da harshen da ba na kowane gari ba. Darasin ya zauna: littattafan kwas na yau suna fitowa ne da bugun Arewa da bugun Kudu. Ƙa'idar da ta dace da ɗalibin tsakiya ita ce ya riƙe kari ɗaya a bakinsa, na mutanen da yake zaune da su, ya kuma horar da kunnensa ya ji sauran. Wasan kwaikwayon Pobol y Cwm, da ake nunawa tun 1974, yana ba shi Kudu, Rownd a Rownd kuma Arewa.

Tazara ta biyu ta fi wannan zurfi. Harshen littafi yana jefar da wakilin suna, yana da siffofin aikatau da ba a ji a hira. Dw i'n mynd na baka yr wyf yn mynd ne a tsohon rubutu. A hira akan ce cafodd dyn ei arestio, an kama wani mutum, a labaran jarida kuma arestiwyd dyn. A jikin shago akan ga siaredir Cymraeg yma, ana Welshanci a nan. Ba a bukatar ɗalibi ya yi magana haka, kuma in ya yi za a ji shi kamar mai karanta sanarwa. Amma in bai gane shi ba, takardun hukuma da yawancin adabin ƙarni huɗu sun rufe a gabansa. Hanyar shiga ita ce a fara da ƙagaggun labarai masu kusa da harshen baka, irin Llyfr Glas Nebo na Manon Steffan Ros da ya ci lambar rubutun zube a bikin adabi na ƙasa, wato Eisteddfod, a 2018, kafin a tunkari marubuta irin su Kate Roberts.

Cewa baƙon harshe zai iya kaiwa ƙololuwa ba zato ba ne. Robat Powell, wanda koyon harshen ya yi, ya ci Kujerar Eisteddfod a 1985, gasar da ake rubuta waƙa bisa tsauraran ƙa'idojin amsa-amo na cynghanedd. Christine James, wadda ta koye shi a makaranta, ta ci Kambin bikin a 2005, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci majalisar mawaƙan bikin a 2013.

Nauyin da ke kan masu harshen

Baƙon da ya sauka Kano yakan iya Hausa ko bai yi niyya ba, domin kasuwa da mota da maƙwabta ba su bar masa zaɓi ba. Ɗalibin Welshanci ba shi da wannan gata. Kusan duk mai jin Welshanci a Wales yana jin Turanci, ko a yankin Gwynedd inda ƙidayar 2021 ta nuna kashi 64 cikin ɗari suna magana da harshen.

A duba abin da ke faruwa a gaban kantar shago. Ɗalibi ya shirya jimlarsa tun daga bakin ƙofa, ya faɗe ta daidai. Mai shago ya amsa da sauri, da karin garinsu, ya haɗiye rabin kalmomin. Ɗalibi ya yi jim na daƙiƙa biyu yana warware abin da ya ji. Mai shago ya ga alamar wahala a fuskarsa, ga layi a bayansa, sai ya juya zuwa Turanci don ya sauƙaƙa masa. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ya ɗauke wa ɗalibin ainihin abin da ya fito nema. In hakan ya maimaitu, ɗalibin zai yanke cewa harshen na aji ne, ya daina gwadawa a waje.

Waɗannan daƙiƙu biyu na shiru su ne wurin da koyo yake faruwa, kuma haƙurin mai saurare a cikinsu ya fi darasi guda amfani. An ɗauki wasu matakai a kan haka. Alamar Iaith Gwaith mai ruwan lemo da ma'aikata ke maƙalawa tana sanar da cewa ana iya yi musu Welshanci. Shirin Siarad yana haɗa ɗalibi da ƙwararren mai magana su yi hira ta awa goma a wajen aji. Bikin Eisteddfod yana da dandalin ɗalibai da lambar Gwarzon Ɗalibi na shekara. Duk da haka, ɗabi'ar juyawa zuwa Turanci gadon tarihin da aka zayyana a sama ce, na zamanin da aka koya wa mutane cewa harshensu na cikin gida ne kawai, kuma ba ta gushewa da alama a ƙirji. Akwai ma 'yan asalin harshen da ke jin nauyin magana da ɗalibi don suna ganin nasu Welshancin ya cika aron Turanci. Su ma suna bukatar a tabbatar musu cewa harshen da suka tsotsa shi ne abin da ɗalibin ya zo nema.

Kammalawa

Abin da wannan nazari ya nuna shi ne, matakin tsakiya yana da bukatu na kansa waɗanda ba ci gaban darussan farko kawai ba ne. Yana bukatar a koyar da nahawu a fili, a rarrabe sauyin da ke ɗauke da ma'ana da wanda za a iya jinkirtawa, a kuma yi atisayensa da baki cikin jimla. Yana bukatar a koyi kalma tare da jinsinta da jam'inta da abokiyar tafiyarta, ta hanyar karatu mai yawa. Yana bukatar kari ɗaya a baki, da kunne mai jin sauran, da ido mai gane harshen littafi. Sama da duka yana bukatar mutanen da za su tsaya su saurara.

Saboda haka ya kamata a auna nasarar shirin 2050 da yawan waɗanda suka haye daga Sylfaen zuwa Uwch suka kuma ci gaba da amfani da harshen a gida da wurin aiki, fiye da yawan waɗanda suka yi rajistar darasin farko. Kuɗi da malamai da littattafai su karkata zuwa wannan mataki gwargwadon nauyinsa, a kuma ɗauki horar da masu harshen kan yadda ake hira da ɗalibi a matsayin aiki na gaske. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ɗalibi ya kawo naci, al'umma ta kawo haƙuri da fili, sannan harshen zai samu masu magana da zai iya dogara da su.